Fito a Tafkin Volta: Kaya Ke Zaɓen Jirgi

'Yan kasuwarmu masu bi ta Yeji a ƙasar Gana sun san jirgi iri biyu ne a bakin ruwa. Akwai babban jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Makango, kan hanyar Salaga, akwai kuma kwale-kwalen inji masu kai fasinja tsibirai.

A ganina, kaya ne ya kamata su zaɓa wa mutum jirgi, ba gaggawa ba. Mai zuwa tsibiri sarin busasshen kifi ya bar motarsa a Yeji, domin galibin tsibiran ba su da titi. Amma mai lodin doya ko shanu da zai tsallaka, ya jira babban jirgi ko da zai kwana.

Dalili kuwa, tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashinsa. Kwale-kwalen katako da aka cika wa lodi, in ya daki ɗaya, jari da rai duk sun tafi.

Alhaji, ribar kasuwa ɗaya ba ta kai ranka ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.