Baƙo a Mandouri: Takarda Kafin Ɗaki

Bahaushen Maraɗi ko Katsina da ya sauka tashar Dapaong zai wuce Mandouri, kafin ya tambayi ɗaki za a tambaye shi takarda. Tun Yunin 2022 yankin Savanes na arewacin Togo ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, bayan harin Kpékpakandi da ya ci sojoji takwas a watan Mayu. Mandouri kuwa hedikwatar gundumar Kpendjal ce a wannan yanki, ga Burkina Faso ga Benin a gefe. A shinge, soja zai dubi kati, ya dubi fuska, ya sake duban kati.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Kwana 90 fa, ba shekara tara ba! Mai niyyar zama sai ya nemi katin zama. Ɗan Nijar ma alfarma yake ci tun ficewar ƙasarsa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025: ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsa kafin a yanke wata shawara.

Batun haya, dokar Togo ta 2022 da ta tsayar da kuɗin ajiya a na wata uku, Lome da kewaye ta shafa. A garuruwa irin su Sokodé da Dapaong ciniki ne, kuma baƙon da bai da mai tsaya masa shi ake tsuga wa kuɗi. Har yau zango ke rufa asiri: tabarma a zaure, tuwon dare, mai masauki ya raka ka wajen mai gida.

Muna roƙon sarakunan zango su ƙara ɗawainiya ɗaya: duk wanda suka saukar, su kai shi ya yi takarda tun kwanakinsa ba su cika ba.