Yabon Gwani Ya Zama Dole: Makaɗan Go-Betweens

A cikin shekarar 1977 ne waɗansu samari biyu, Robert Forster da Grant McLennan, suka kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Go-Betweens a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya. Daga bisani Lindy Morrison ta shigo tana kaɗa musu ganga.

Da suka ga kasuwar gida ta yi musu kaɗan, sai suka ƙaura zuwa Landan. Manyan faya-fayai shida suka fitar kafin su watse cikin 1989. 'Yan jarida sun yi ta yabonsu, amma fa yabo ba ya biyan kuɗin haya, gama masu saye ba su taka kara sun karya ba. Ko waƙarsu "Cattle and Cane" ta 1983, wadda McLennan ya tuna ƙuruciyarsa a ƙasar shanu da rake, ba ta kawo musu arziki ba.

Forster da McLennan sun sake haɗuwa cikin 2000. McLennan ya rasu cikin 2006 yana da shekara 48. Sai cikin 2010 aka buɗe wata gada a Birisben mai ɗauke da sunan ƙungiyar. Abin a yaba ne, amma ga McLennan ihu ne bayan hari.