Kasuwar Badagishiri da dabarar bi-da-bi

Duk wanda ya san jihar Tawa ya san kasuwanninta bi-da-bi suke ci: Laraba Birnin Ƙwanni, Alhamis Badagishiri, Lahadi Tawa, mako ya zagayo a koma farko. Masu tsara shafunan intanet su ma suna da irin wannan zagaye. A cikin Django, kayan aikin da aka ƙirƙiro a gidan wata jarida ta garin Lawrence a Amurka, aka kuma sake shi ga kowa a 2005, akwai umurnin da ake kira cycle. Ana ba shi abu biyu ko uku, sai ya riƙa fiddo su ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya sake daga fari. Jinja da Liquid su ma suna da nasu.

Amfaninsa a fili yake. Jadawalin farashin tiyar hatsi, dawa, wake da buhun albasa, idan layukansa duk fari ne, ido na zamewa, mutum ya karanta kuɗin wake a gurbin na hatsi. Layi fari, layi toka-toka, sai ido ya tsaya inda ya dace.

To amma wannan umurni bai san ma'ana ba, layi kawai yake ƙirgawa. Matashin da ƙungiyar manoma ta ba aikin shafinta, idan ya bar masa rabon ranakun kasuwa, ya ɗauko wa kansa rigima. Ranar da aka cire gari guda daga jeri, sauran duka sun goce: Badagishiri ta koma Laraba, falke ya biya kuɗin mota ya tarar da rumfuna wayam. Haka nan launi: kore da ja na bi-da-bi ba su nuna wanda ya biya bashin taki da wanda bai biya ba, ko da yake mai karatu zai zaci haka. Ranar kasuwa da bashi, a rumbun bayanai ake ajiye su, kowane gari da tasa, kowane manomi da nasa.

Akwai kuma wani tarko. A Django, idan jeri yana cikin wani jeri, zagayen ba ya komawa farko da kansa. Jadawalin Illela sai ya tashi daga inda na Malbaza ya tsaya. Sai a 2017 aka ƙaro umurnin resetcycle domin maganin wannan. Ga ado tsantsa kuwa, yau CSS na raba launin layuka ba tare da an taɓa umurnin ba.