Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Maraɗi Da Hukumar ANPER Kan Batirin Sola A Ƙauyukanmu

Ranka ya daɗe Gwamna, shugabannin hukumar lantarkin karkara ta ANPER, da shugabannin gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji,

Babban layin wutar da ke tasowa daga Katsina ta Gazawa yake shigowa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, amma ƙauyuka da dama da ke hangen turakunsa ba su taɓa ganin mitar kamfanin lantarki na NIGELEC ba. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wuta saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ƙasarmu, wadda a lokacin take sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga maƙwabciyar, ta ɗanɗana kuɗarta. Mutanen karkarar Cadawa da kewaye kuwa tuni suka nema wa kansu mafita da kuɗin gyaɗa, wake da aya: faifan sola a kan rufi, batir a ƙuryar ɗaki, ƙwan fitila biyu ko uku da wurin cajin waya. Roƙona shi ne hukuma ta ɗauki wannan a matsayin lantarki na gaske, ta fara da kula da batir, domin a nan kuɗin talaka ke salwanta.

Faifai mai kyau yana iya shekara 20 yana aiki. Batirin dalma da akasarin gidaje ke saye da wuya ya wuce shekara biyu ko uku, kuma zafi na cin sa: masana sun nuna cewa duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanansa, ga shi a bazara zafinmu na haura 40. Magidanta da yawa kuma suna haɗa batirin mota kai tsaye da faifai, ba tare da na'urar daidaita caji ba, suna tatse shi ƙarƙaf kowane dare. Kafin a je ko'ina ya mutu, gida ya koma tocila, maigida ya yanke hukuncin cewa sola yaudara ce.

Gyaran yana hannunku. A sa hukumar ANERSOL, magajiyar aikin da marigayi Farfesa Abdou Moumouni ya jagoranta kan hasken rana, ta riƙa tantance kayan da ke shigowa kasuwanninmu, a yi wa mai inganci alamar da ko wanda bai yi boko ba zai gane, kuma duk dillali ya ba da garanti a rubuce. A horar da matasa a cibiyoyin koyon sana'a, ta yadda kowace ƙaramar hukuma za ta samu masu gyara da aka san mazauninsu. Batirin litiyom ya fi jure aiki nesa ba kusa ba, tsadarsa ce matsala, don haka a nemi kamfanoni da asusun ba da rance su tsara biya kaɗan-kaɗan, kaso mafi tsoka ya faɗo da kaka. Mutanen Ɗan Saga da suka kafa kwamitocin tsaron itatuwan gonakinsu har duniya ta san da su, ba za su kasa riƙon amanar irin wannan bashi ba.

Za a ce a yi haƙuri, layin NIGELEC da madatsar Kandaji na tafe. Allah ya kawo su. Sai dai jan waya zuwa ƙauye mai gidaje ƙalilan yana cin kuɗin da takardar wutarsu ba za ta mayar ba, kuma ɗalibin da zai zana jarrabawa bana, bana yake buƙatar fitila. Za a ce ƙaramar sola ba ta tayar da injin niƙa. Gaskiya ne, wannan aikin ƙananan tashoshin gari ne, kuma samuwarsu ba ta hana a haskaka ɗakin mai jego yau. Za a ce baitulmali babu kuɗi. Tantance kaya, horar da masu gyara da tilasta garanti ba su kama ƙafar kuɗin gina tashar sola irin ta Malbaza mai megawat 7 ba, kuma dukiyar da jama'a suka riga suka zuba za su kare.

Saura batun mataccen batir, wanda ake fasawa a tsakar gida don a cire dalma. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, jahar da ba ta da nisa da mu. Ina roƙon a wajabta wa dillali karɓar tsohon batir tare da yi wa mai saye rangwame a kan sabo, a keɓe wurin tara su a kowace gunduma, sarakuna da limamai kuma su ja kunnen iyaye. Ko a kasuwar Cadawa kaɗai aka fara gwada tsarin nan na shekara guda, za ku samu hujjar faɗaɗa shi zuwa sauran jahar. Allah ya yi muku jagora.

Wassalam,
Naku, mai kishin yankin.