A Yi Nazari Kafin A Zuba Giwan Ruwa Cikin Tabkuna

Zuba irin kifi cikin tabkuna aiki ne da ma'aikatan ruwa da gandun daji suka daɗe suna yi a ƙasar Nijar, tun daga Tabalak ta jihar Tawa har zuwa Akadane, arewa da Dakwaro. Amfaninsa a fili yake: abinci ga talakawa, sana'a ga samari. Amma akwai gardama a kan kifi guda, wato giwan ruwa, wanda abincinsa ƴan uwansa kifaye ne.

Masu goyon bayansa suna cewa shi ne ya fi tsada a kasuwa. Suna ƙarawa da cewa karfasa tana da yawan haifuwa. In babu mai rage ta, sai ta cika tabki ta tsumbure. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ba ce.

A dubi tabkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka haɗa. An zuba masa giwan ruwa tun wajen shekara ta 1954. Ya yi shiru fiye da shekara 20, sa'an nan daga 1980 ya mamaye ruwan. Cikin ire-iren ƙananan kifaye wajen 500 da tabkin ya mallaka, masana sun kiyasta kimanin 200 sun ɓace. Ma'aikatun da ke aika naman kifi Turai sun samu riba, amma kifin da talaka ya saba saye da arha ya yi wuya. Kuma da yake giwan ruwa yana da mai da yawa, shanya ba ta isarsa, sai banda. Banda kuwa itace take ci.

Gaskiya ne giwan ruwa ɗan gida ne a kogin Kwara da tabkin Cadi, inda ƙananan kifaye suke da faɗin wuri da maɓoya. Tabkunan ƙasar Dakwaro kuwa ƙanana ne, suna janyewa da rani, ga dabbobin makiyaya a bakinsu. Ina karfasa za ta ɓuya a irin wannan ruwa?

Saboda haka ya wajaba hukuma ta fara da karfasa, ta bar ta ta kafu. Kada a kawo giwan ruwa sai ga tabki mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, bayan shawara da masunta da sarakunan ruwa, a kuma riƙa rubuta abin da aka kama kowane wata. Zuba shi aikin yini guda ne, amma a Biktoriya har yau ba a samu hanyar fitar da shi ba.