Lambar masassarar cizon sauro: allura ɗaya ba ta wadatarwa

A watan Satumba na shekarar 2024, a garin Gaya cikin jihar Doso, ƙasarmu ta soma yi wa yara ƙanana lambar rigakafin masassarar cizon sauro. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta amince da irin wannan allura tun 2021. A ƙasashen Gana da Kenya da Malawi, inda aka soma yin ta a 2019, mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin 100.

Amma akwai abin lura. Sau 4 ake yin allurar, kuma ta huɗu tana zuwa watanni da dama bayan ta uku. Idan aikin gona ya kankama, ko gidan likita ya yi nisa, uwa takan ɗauka an gama, alhali ƙarfin kariyar yana raguwa. Haka kuma lamba ba ta hana kwana cikin sange, ko shan maganin da ake raba wa yara da damina.

Saboda haka, ya ku waɗanda kuka yi yaƙi da jahilci, ku duba karnen yaranku da na maƙwabta, ku karanta wa iyaye mata ranar komawa. Maigida kuma ya ba da izini da kuɗin mota.