Raddi Ga Mai Cewa Waƙar Sulhu Ba Ta Ambaton Yaƙi

Wani malamin adabi ya soki waƙar da wani matashi ɗan Ambursa ya rubuta kan Lafiyar Toga, sulhun da Sarkin Kabi Abdullahi Toga ya ƙulla da Sakkwato a 1867. Aibi uku ya ɗora mata, kuma babu wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Na farko, wai baitocin buɗewa duk hayaƙi ne da gawarwaki. Malam, wa ya san daɗin inuwa in ba wanda ya sha rana ba? Tun 1849 da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa, fadamar nan da ke tsakanin Argungu da Gwandu ba ta huta ba. Shekara 18 ke nan. Mawaƙin da ya tsallake su ya faɗa kan murna, waƙar biki ya yi.

Na biyu, wai amsa-amon "ba" yana kawo nauyi da baƙin rai. A nan ne ma gwanintar take. Wannan gaɓa tana tilasta wa kowane baiti ya ƙare da korewa: rumbun da ba a ƙona ba, ƙofar garin da ba a rufe da la'asar ba, masuncin da ya kai goransa ruwa bai waiwaya ba. Haka wanda ya ga yaƙi yake lissafa zaman lafiya, da abin da ya daina faruwa. Tambayi duk dattijon da ya dawo daga yaƙin basasa a 1970.

Na uku, wai karin Kamil sukuwar dawaki ce. Kari ba ya da ƙabila. A kansa aka yi madahu, a kansa aka yi marsiyya. Muryar mai rerawa ke sa shi gudu ko tafiya.

Bayan waɗannan ukun, ya kuma yi gunaguni cewa rufewar ta yi sanyi. To, sulhun kansa shekara 8 ya yi, ya warware a 1875, kuma sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka tarbe shi da kamun kifi. Da wane baki yaron zai yi guɗa?

Abin da na yarda da shi ɗaya ne: akwai ɗango biyu da karinsu ya karye. Yaron ya gyara waɗannan, sauran kuwa kada ya taɓa ko harafi.